Dankalin da Na Gasa a Gidan Teta Salma

Ina fitowa daga filin jirgin sama na Bairut na hango wani mutum mai tumbi riƙe da kwali, an rubuta sunana a jiki ba daidai ba. Na matsa na yi masa sallama. Bai amsa ba, hannu kawai ya miƙo ya ce, "Fasfo." Na ɗauka dubawa zai yi ya tabbatar ni ce, sai na ga ya cusa shi a aljihun rigarsa ya juya. Na ja jakata na bi bayansa.

Sunana Rakiya, 'yar Rikoto ce ni, cikin Zuru. Mijina soja ne, kamar mazan gidaje da yawa a garinmu. Aka tura su arewa maso gabas, bai dawo ba. Ya bar ni da ɗiya guda, Hauwa'u, ko yaye ta ban yi ba. Gonar da mahaifinmu ya bari wajen Bena ta gagari kowa zuwa saboda ɓarayin daji, sai na kafa tukunya kusa da tasha ina sayar da shinkafa da wake da tuwon dawa. A nan wata mata mai zobba ta ci abincina sau biyu, ta ce hannuna ya fi ƙarfin tasha, ta san wani otal a ƙasar Labanan da ke neman mai dafa abincin Afirka. Na yarda da ita. Na bar Hauwa'u tana da shekara biyu da rabi a hannun Inna, mahaifiyata.

Zangona na farko wani ɗaki ne a hawa na uku, a bayan ofishin mai tumbin. An shimfiɗa katifu a ƙasa, mata sun kai goma, 'yan Habasha da Kenya da Saliyo, kowa ta jingina da jakarta. Na tambayi mutumin yaushe za a kai ni otal. Ya dube ni, ya yi dariya, ya ja ƙofa. Wata 'yar Saliyo da ke kusa da ni ta matsa ta ba ni wuri, ta ce da guntun Turancin da muka haɗu a kai, "Babu otal, 'yar'uwa. Dukanmu otal aka ce mana."

Kwana tara na yi a ɗakin. Matan gari su kan zo, a fito da mu a jera, su duba hannuwanmu da farcenmu, su yi magana da mai tumbin kamar ba ma wurin. Ran na tara wata ta nuna ni da makullin motarta.

Gidanta na hawa na goma sha ɗaya. Ban taɓa sanin sunanta ba, Madam kawai aka ce in riƙa kiranta. Aikina shara da goge-goge da wanki da guga. Abu ɗaya ta gindaya mini tun ranar farko, ta nuna tukwane ta kaɗa yatsa: kada hannuna ya taɓa abin da za su ci. Ni da na baro garinmu don girki. Aka ware mini kofi ɗaya da faranti ɗaya na roba, aka nuna mini inda zan kwanta kusa da injin wanki. In za su fita sai su kulle ƙofa ta waje. Wayata tana wurin Madam, ran Juma'a kaɗai take ba ni na 'yan mintuna.

"Rakiya, kina lahiya?" in ji Inna. "Mutanen otal ɗin suna son abincinki?"

"Suna so, Inna. Har layi suke yi."

"To madalla. Ga 'yar taki, yi mata magana."

Sai in ji numfashin Hauwa'u a waya, in yi ta kiran sunanta, ta ƙi cewa komai. Can sai in ji ta sauka da gudu, ƙarar awarwaron ƙafarta na nisa.

A benen da ke kallon namu akwai wata baƙar mace da ke kaɗe darduma kowace safiya. Da alama 'yar Habasha ce. Wata rana ta ɗaga mini hannu, na ɗaga mata. Daga nan ya zama kullum. Tazarar ta yi yawa, murya ba ta kaiwa, amma in ta ga na yi latti sai ta tsaya tana kaɗe dardumar da ta riga ta yi tsaf har in fito. Wata biyar muna haka. Wata safiya na fito na ga wata daban ce ke kaɗewa. Na ɗaga mata hannu, ta dube ni ta koma ciki. Ban san ko an sallami waccan ba ne, ko ta gudu, ko wani abu ya same ta. Ba ni da wanda zan tambaya.

Abin da ya raba ni da gidan ƙarami ne. Sun fita yawo wata Lahadi, kewar tuwo ta kama ni har ina jin ta a haƙori. Na sami garin alkama mai tsaki-tsaki na tuƙa ɗan kaɗan, na yi miyar tumatir da albasa, na ci a tsaye, na wanke komai na mayar. Madam na shigowa ta ɗora tafin hannunta a kan murhu ta ji da ɗumi. Kashegari ta mayar da ni ofis da jakata, wata takwas cif da zuwana.

Kwana huɗu bayan nan wani dogon mutum mai furfura ya zo. Sunansa Ustaz Nabil, a can Ustaz laƙabin girmamawa ne kawai, yana neman mai zama da mahaifiyarsa a ƙauyensu na kan dutse, kuma tsohuwar ta riga ta kori mata uku. Mai tumbin ya miƙa masa fasfona a gabana, ya sa a jakar hannunsa. Muka yi ta hawa a mota, hanya na lanƙwasa, teku na ƙara nisa a ƙasanmu. Da na ga duwatsu da gonakin da aka datsa hawa-hawa a jikinsu, zuciyata ta tafi duwatsun Zuru. Sai dai da na sauke gilashi, iskar da ta bugo ni ba ta garinmu ba ce.

Tsohuwar sunanta Salma, kowa na ce mata Teta, wato kaka. Ta haura tamanin, ƙarama, baƙaƙen kaya take sawa tun rasuwar mijinta. Gicciye na rataye a bangon falo. Wannan bai dame ni ba, don kawunnaina ta wajen Inna 'yan coci ne, da Kirsimeti a gidansu muke cin shinkafa, da Sallah su zo namu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi sunana, ta maimaita shi sau biyu har ta faɗe shi daidai, sannan ta juya ga taga. Ba ta sake yi mini magana ba sai bayan kwana uku.

A nan ma ba a ba ni girki ba. Matar Ustaz Nabil, Madam Rima, ita ke kawo abinci daga Bairut duk Lahadi cikin robobi, a jera a firiza, ni dai in ɗumama. Teta ta kan yi cokali biyu ta ture. Haka muka shiga sanyi, mu biyu a gidan dutse mai ɗaki biyar, ƙanƙara na sauka a waje, rediyo na magana da harshen da nake tsintar kalma ɗaya cikin goma. Larabcin da na koya a Islamiyya na karatu ne, ba na hira ba. Wani lokaci sai in kama kaina ina yi wa tsintsiya magana da Hausa don kada bakina ya manta.

Wata rana na shiga ɗakina zan yi sallar azahar, na tarar an shimfiɗa fatar tunkiya mai gashi a daidai inda nake tsayawa. Ashe ta lura goshina na taɓa daɓen da ya yi sanyi kamar ƙanƙara. Na fito na yi mata godiya, ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

Da sanyi ya fara janyewa, wani maƙwabci manomi ya aiko da rabin buhun sabon dankalin turawa, ƙanana masu siririn ɓawo, ƙasa na jikinsu. Ina share tsakar gida na ji ƙarar ƙarfe a kicin. Na shiga na tarar da Teta zaune gaban kwano, wuƙa ta faɗi ƙasa, hannuwanta na rawa a kan cinyarta. Dankali ɗaya kawai ta iya rabawa, shi ma a karkace. Hawaye na bin kuncinta, tana zagin hannuwan nata ƙasa-ƙasa. Na ɗauki wuƙar na tsaya.

"Kin iya girki?" ta tambaye ni ba tare da ta ɗago ba.

"Shi na zo yi ƙasar nan, Teta."

Ta ɗago ta dube ni da kyau, karo na farko. Sai ta tura mini kwanon da ƙafarta.

Na fara fere dankalin yadda na saba, ta doke mini hannu. Ba a fere sabon dankali, wankewa ake yi a goge. Na fara yanka shi siri-siri irin na suya, ta sake doke mini hannu. A raba biyu, manyan a raba huɗu, duka su zo kai ɗaya don su nuna tare. Ta sa na zuba su a tafasasshen ruwan gishiri, kafin su nuna ta ce in sauke in tace. Sannan in mayar cikin tukunyar, in rufe, in girgiza har gefensu ya yi ɓurɓushi. Ta ce wannan ɓurɓushin shi ne zai zama ƙamas-ƙamas a wuta. Aka bar su suka sha iska har tururi ya ƙare.

Ban taɓa aiki da obin ba. Abin da na sani shi ne tanderun masu gurasa da tukunyar yashi da muke gasa kek a ciki. Tsoronsa nake ji. Ranar farko na cika tiren har dankali na hawa kan juna, ya fito jagab kamar dafaffe. Teta ta latsa ɗaya da yatsa ta ce a kai wa kaji. Rana ta biyu na sa ganyayen ƙamshin da ta ba ni duka tun farko, ya ƙone ya yi ɗaci. Shi ma kaji suka ci. Ta yi ta faɗa, rabin abin da take cewa ban gane ba, amma na lura tun da na zo ban taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba.

Rana ta uku ta riƙe hannuna muka fita bayan kicin, inda tukwanen shuke-shukenta suke jere a kan katanga. Ta riƙa tsinko ganye tana murzawa tana kai mini hanci. Akwai mai siririn ganye kamar allura, suna ce masa iklil, ƙamshinsa kamar na itacen turare. Akwai za'atar mai ƙananan ganye. Akwai bakdunis, kore shar, mai laushi kamar ganyen karas. Ta ware su gida biyu a tafin hannuna.

"Masu tauri su ke shiga wuta," in ji ta. "Mai laushi sai an sauke. Kin ji?"

"Na ji, Teta."

"Ba ki ji ba jiya."

Muka sa tire da man zaitun a obin shi kaɗai har ya yi zafi. Na juye dankalin ya yi ƙara, na jera kowane da gefen da aka yanka a ƙasa, da tazara tsakaninsu. Na watsa tafarnuwa da ɓawonta, an ɗan fasa ta kawai, da rassan iklil da za'atar, da gishiri da masoro. Ta hana ni buɗe obin in leƙa. Sai da ƙamshi ya kai falo ta ce in juya su sau ɗaya. Da na fito da tiren, dankalin ya yi ja-ja kamar ƙosai mai kyau, gefensa na ƙyalli, cikinsa kuwa laushi kamar auduga. Na yanka bakdunis ƙanana na barbaɗa, na matsa lemon tsami, ƙamshi ya tashi da tururin.

Na ɗauko kwano zan juye, ta ce a'a. Ta sa na sauko da wani farin faranti dogo mai shuɗin baki daga saman kabad. Kada a tula. A baje shi yadda kowane zai nuna jan gefensa, a ɗora ɗanyen reshen iklil ɗaya a tsakiya, yankan lemo biyu a gefe. Ta ce shi ba babban abinci ba ne, rakiyar nama ko kifi yake yi, amma in ya fito da kyau shi ake fara miƙa wa hannu. Haka take yi wa mijinta duk Lahadi, shekara hamsin da wani abu.

Na ajiye mata a tebur na juya zan koma kicin.

"Ina za ki? Zauna."

Na zauna a bakin kujera. Ta zuba mini da hannunta mai rawa, biyu suka faɗi kan tebur, ta tsince ta cinye. Rabona da in zauna cin abinci da wani mutum tun daga gidanmu na Rikoto, fiye da shekara guda ke nan. Na ɗauki ɗaya ina goge ido da gefen mayafi. Ita kuwa ta ci har ta siɗe yatsa, ta yi kamar ba ta ga idona ba.

Daga ranar robobin Madam Rima suka zama na kaji, ni da Teta muka kama girkinmu a ɓoye. Ta sa ɗanta ya bar mini wayata a hannuna. Larabcina ya buɗe. Na gaya mata gaskiyar otal, wadda ko Inna ban gaya wa ba. Na nuna mata hoton Hauwa'u, ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, ta ce goshina ne.

Asirinmu ya tonu ran bikin Ista. 'Yan'uwa suka cika gida, an gasa cinyar rago, Teta ta ce lallai a yi dankali. Na kai farantin na koma bakin ƙofar kicin. Kafin a yanka naman an cinye rabinsa. Madam Rima ta ɗaga murya ta ce wa baƙi, "Kun ga hannun Teta, har yanzu babu kamarsa."

"Hannuna ko cokali ba ya riƙewa," in ji Teta. "Rakiya ce ta yi."

Madam Rima ta ajiye cokalinta ta dubi abin da ya rage a farantinta. Na ce a raina yau kam ofis zan koma. Ashe ba haka ba. Kafin su tafi ta shigo kicin, ta tsaya tana kallon tiren, ta tambaye ni ko zan iya yin na mutum talatin.

Tun daga nan duk sanda take da baƙi a Bairut sai a turo mota a ɗauke ni, da ganyayen Teta cikin jiƙaƙƙen tsumma. In gasa, in jera, wani ya ɗauka ya kai, in ji tafi da dariya ta bayan ƙofa, a mayar da ni kan dutse. Da shekara biyun da aka ce zan yi suka cika, Ustaz Nabil ya roƙe ni in ƙara. Na dubi Teta, na tuna Hauwa'u ta isa shiga makaranta, na ce to.

A cikin shekara ta uku Yaya Danjuma, wana, ya kira ni. Ya ce ƙafafun Inna sun kumbura, abinci ba ya zama mata, an kai ta asibiti an dawo. Ya ba ta wayar. Muryarta ta yi siriri har na ɗauka wata ce.

"Rakiya, ki taho gida. Ko ba ki riƙo komai ba, ki taho haka nan in gan ki."

"Ina nan tafe, Inna."

Ran Lahadi na tare Ustaz Nabil a bakin motarsa na gaya masa. Ya nuna tausayi sosai, har ya dafa ƙirji. Ya ce ba damuwa, zan tafi, amma sati shida ya rage a yi baikon 'yarsu, Madam Rima ta riga ta gaya wa kowa irin abincin da za a ci, kuma takarduna ma suna wurin sabuntawa. Da an gama biki shi da kansa zai kai ni filin jirgi. Sannan ya ce, "Kada ki gaya wa Teta. Zuciyarta ba ta da ƙarfi, kin sani."

Na yi shiru, ban gaya mata ba. Wannan shirun shi ne abin da har yau nake juyawa a raina. Kullum muna zaune tebur ɗaya, tana tambayata, "Ya mamarki?" ina cewa, "Tana lafiya."

Ranar baikon tire huɗu aka sa ni. Na biyu na cikin obin, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, saƙon murya ya shigo daga Yaya. Na kara a kunne ina riƙe da tsumman sauke tire.

"Rakiya, sai haƙuri. Inna ta cika da hantsin nan. Za mu kai ta bayan azahar. Ta yi ta kiranki jiya. Allah shi jiƙanta."

Na yi salati. Na tsaya ina kallon gilashin obin, dankali na ta yin ja. Lokacin juyawa ya yi, sai na buɗe na juya su ɗaya bayan ɗaya, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Na gama na uku, na gama na huɗu. Na yanka bakdunis, na matsa lemo, na jera. Masu ɗauka suka yi ƙaranci, aka ce in kai da kaina. Wata mata ta ce in dakata, ta ɗauki hoton farantin a hannuna, ta matsar da wayar yadda fuskata ba za ta fito ba. A daidai lokacin ana ɗaukar Inna daga Rikoto.

Teta na zaune a kan kujerarta can gefe. Idonmu ya haɗu. Mota ɗaya ta mayar da mu kan dutse. Muna isa gida, rana ba ta faɗi ba, ta zauna ko mayafinta ba ta cire ba.

"Wa ya mutu?"

"Mamata."

"Yau?"

"Yau da safe."

"Tun yaushe take ciwo?"

"Sati shida da aka gaya mini."

"Nabil ya sani?"

Na sunkuyar da kai. Sannan ta miƙo hannu ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, sai a lokacin kuka ya zo mini.

Kashegari na kai mata karin kumallo ta ture. Da rana ta ture. Ruwa kawai take kurɓa, ga shi magungunanta ba a shan su da yunwa. Rana ta biyu na gasa mata dankali, na jera a farin farantin, na durƙusa ina roƙonta. Ta ce, "Ɗauke. Ba da ke nake ba." Na kira Ustaz Nabil, ya ce rigimar tsufa ce, za ta sauko. Rana ta uku ta kasa tashi daga gado, sai ga shi da likita. Ina tsaye a bakin ƙofa.

"Mama, me kike so ki yi wa kanki?"

"Ka ajiye fasfon yarinyar nan da tikitinta a kan teburin can. In na gani zan ci."

"In ta tafi wa zai kula da ke? Uku kika kora kafin ita."

"Wanda ya kula da uwarta," in ji Teta. Ta juya fuskarta bango.

Kashegari da hantsi ya dawo ya ajiye su a kan tebur, bai dube ni ba. Fasfon bai je wurin wata sabuntawa ba, yana nan yadda na san shi. Teta ta sa aka kai mata shi har gado, ta buɗe, ta duba hoton, ta duba ni, sannan ta ce a kawo mata shayi da burodi.

Sai da sauran takardun fita suka ɗauki sati uku. A cikinsu na ji cewa in na tafi za a rufe gidan dutse a kai ta Bairut, ɗaki ɗaya a benen ɗanta. Ta sani tun kafin ta fara ƙin abinci. Na ce mata zan je in dawo. Ta ce, "Kada ki yi mini ƙarya, ba ki iya ba. Kuma kada ki dawo." Safiyar tafiyata ta rako ni har bakin ƙofa tana dogara sanda, ta yi mini addu'a irin tasu a goshi, na yi mata irin tamu. Da motar ta sha kwana na waiga, tana nan tsaye, ƙaramin baƙin abu a jikin farin bango. Bayan wata bakwai maƙwabcin nan manomi ya turo mini saƙo cewa ta rasu a Bairut.

Na iso Zuru cikin damina, a ƙaramar bas daga Kontagora, duwatsu sun yi kore. Yaya ya nuna mini inda Inna take. Ɗakinta na nan, tabarmarta a naɗe a jingine. Hauwa'u ta kusa shekara shida, doguwa, haƙoranta biyu sun fita. Ta ɓoye a bayan Talatu, matar Yaya, wadda ta riƙe ta tun da Inna ta kwanta. Aka ce ta gaishe ni, ta ce, "Sannu da zuwa, Anti." Tana jin yarenmu na C'lela fiye da ni, a bakin kakarta ta koya. Na kawo mata riguna da takalma, ta karɓa ta kai wa Talatu ta ajiye mata. A ɗakin Talatu take kwana. Sati uku ina cikin gidanmu kamar baƙuwar da ta ƙi tafiya.

Wata ranar kasuwa na ga dankalin turawa, na saya. Ba mu da obin, sai na zuba yashi a babbar tukunya, na ɗora faranti a ciki, na tara garwashi a kan murfi. Man gyaɗa na sa, da tafarnuwa, da na sauke na barbaɗa ɗaɗɗoya da lawashin albasa. Ƙasan ya ɗan ƙone. Na jera shi a tire yadda aka koya mini. Yaya ya ɗanɗana ya ce da daɗi, amma a kawo masa yaji. Talatu ta ce wahalar ta yi yawa a kan dankali.

Hauwa'u ta karɓi nata ta je ta zauna kusa da Talatu, ta ba ni baya. Ina kan tabarma ni kaɗai ina tsintar ƙonannun. Can sai ga ta a gabana da faranti fayau.

"Anti, da saura?"

"Da saura."

Na zuba mata daga na tsakiya, waɗanda suka fi kyau. Wannan karon ba ta koma ba, ta zauna a can bakin tabarmata, farantin a cinyarta. Ta ɗauki ɗaya tana jujjuyawa.

"Kaka ta ce ke kika haife ni."

"Ni ce."

"To mi ya sa kika daɗe?"

Na buɗe baki, na rasa ta inda zan fara wa yarinya 'yar shekara shida. Ta zuba mini ido tana jira. Na ce ta hura tukuna, da zafi.